Kafin Ruwa Ya Zauna: Tafiya Zuwa Achilafiya

A shataletalen Dawanau hanya ke rabuwa biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Katsina, ɗaya ta karkata dama ta nufi Dambatta da Kazaure da Daura, har Kongwalam a bakin iyakar Nijar. Ta biyun muka bi, tsakiyar watan Yuni, cikin ƙaramar motar haya. A kan cinyata akwai tsarabar da ƙanwata ta ce ita kaɗai take so daga birni: ƙunshin irin tumatur mai jure damina, da ɗan irin tattasai. Ta ce ba nata ba ne, na yara ne.

Wanda ya bi wannan hanya a farkon damina zai ga abin da manoma ke faɗa da idonsa. A gefen Kano gonaki sun yi shar, gero ya rufe kunya, har an fara noman farko. Muna wuce yankin Tomas, inda madatsar ruwa take da kwalejin aikin gona mai sunan Audu Bako, sai koren ya fara sirancewa. Bayan Dambatta gero bai fi tsawon yatsa ba, wasu gonakin ma an yi sharar su an watsa taki, ana jiran sama. Ruwan damina daga kudu yake tasowa, ya hau arewa a hankali, in zai koma kuma arewa yake fara bari. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashenta, kuma duk shekara garuruwan bakin iyaka su ne na ƙarshe wajen samun ruwa, su ne na farko wajen rasa shi.

Duwatsu ne ke yi wa matafiyi maraba da zuwa Kazaure. Garin ya zama hedikwatar masarauta tun zamanin Dambo ɗan Ɗan Tunku, wanda ya taso daga Dambatta, kuma yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Tun 1991 suke cikin Jigawa, ko da yake harkar kasuwa da zumunci har gobe Kano da Daura ta fi karkata. Ban tsaya ba sai don canza mota. Achilafiya na gaba kaɗan a kan hanyar Daura, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi mai hedikwata a Karkarna. Na sauka ana kiran sallar la'asar, iska na kaɗawa da zafi, sama fes babu ko ɗigon gajimare.

Ban gama amsa sannu da zuwa ba yaran suka karɓe ledar. Babbarsu, mai shekara 12, ta duba rubutun da ke jikin ƙunshin, ta girgiza shi kusa da kunnenta, sannan ta ce, "Kawu, in ka sha ruwa ka zo ka ga namu."

Nasun yana ƙarƙashin wata rumfar kara da ke jingine da bangon ɗakin girki, bakinta na kallon gabas. An ɗora tsohon gadon ƙarfe a kan bulo, an shimfiɗa masa zana, an jera ledojin ruwan sha da aka yanke bakinsu, kowace cike da ƙasa, kowace da tsiro ɗaya. Akwai kuma gwangwanayen madara da wani fasasshen baho. An lulluɓe duka da tsohon gidan sauro mai faci, an danne gefensa da duwatsu. Da ta ɗaga shi sai na ga attaruhu, ganye 6 wasu 7, kore mai duhu, kara ya yi kauri kamar tsinken ashana. A jerin baya tattasai ne, sai gauta da yalo kaɗan. Tun farkon watan Mayu suka shuka su, lokacin da ko kare ba ya son fita da rana.

Bayan sallar magariba mijin ƙanwata ya yi mini lissafin a kan tabarma. A nan, in ji shi, ruwa ba ya zama sosai sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, kuma kafin Satumba ta ƙare ya yi sallama. Abin da manomi ke da shi a hannu kusan wata 3 ne. Gero ya san wannan, shi ya sa yake da sauri. Wake ma an samar da irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70, aikin masu bincike na IITA a Kano da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Attaruhu kuwa ba ya gaggawa. Kafin ya tsiro kawai yakan ɗauki mako 2, wani lokaci 3. Yana buƙatar mako 6 ko 7 a wurin reno, sannan bayan dashe sai ya yi kusan wata 3 kafin a fara tsinka. In aka haɗa, an haura wata 4. Wanda ya jira ruwan sama kafin ya zuba iri, barkononsa na cikin fure damina za ta tafi ta bar shi.

"To ka ga, Malam," ya ce, "watan da sama ba ta ba mu ba, a tsakar gida muke nemo shi."

Wannan ba dabarar Achilafiya kaɗai ba ce. A Kanada da arewacin Amurka da Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, iyalai kan shuka tumatur da tattasai a ƙananan kofuna a bakin taga, mako 6 zuwa 8 kafin sanyi ya sake su, don su fita gona da tsiro a hannu. Su sanyi suke ɓoye wa tsiron, mu zafi da ƙishirwa. A watan Afrilu da Mayu zafin nan kan haura digiri 40, ƙasar da rana ta buga kuma ta fi haka nesa, alhali ƙwayar barkono ta fi son ɗumi tsakanin digiri 25 da 30. A fili sai ta dahu. A inuwar rumfa, cikin ƙasa mai laima, sai ta tashi.

Washegari da sassafe, bayan sun dawo daga makarantar allo kuma kafin a tafi boko, aka shuka irin da na kawo. Na zauna a kan turmi na kalli aikin daga farko har ƙarshe.

Namijin, mai shekara 9, shi ne mai haɗa ƙasa. Ya kawo kwano 2 na ƙasar jigawa, ya kawo kwano 1 na takin awaki da ya shekara a juji har ya zama baƙi ya daina wari, ya murtsuke shi, ya tankaɗe da tsohuwar rariya. Ɗanyen taki, in ji shi, ƙone saiwa yake yi. Autar gidan aikinta huda gindin leda da ƙusa, ta huda ta ɗaga sama ta leƙa ko haske ya shigo. Babbar ita ce mai shuka. Tana da tsinken tsintsiya da ta yi wa alama da gawayi, tsawon rabin gaɓar yatsa, da shi take yin rami don kada wani ya fi wani zurfi. Ta zuba irin a murfin kwalba, tana ɗaukar ƙwaya da jiƙaƙƙen bakin tsinke, 2 a kowace leda, ta rufe da ƙasa sama-sama ba tare da dannawa ba. Irin ya zo da wani launi ja-ja a jikinsa. Uwarsu na tsaye a kansu, ta hana autar taɓawa, kuma da aka gama ta sa kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a zauna shan koko. Launin nan maganin ƙwari da ruɓa ne da kamfani ke shafa wa iri, guba ne, kuma na ji daɗi da na ga an san haka a gidan. Ban ruwa kuma da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa ake yi, ruwan na sauka yayyafi-yayyafi, don in aka kwarara da buta sai ya tono ƙwayar.

Ruwan nan daga famfon tuƙa-tuƙa na unguwa yake zuwa, a kan yaran. Da bazara layi kan yi tsawo, saboda haka kowane kofi da lissafinsa. Ƙasari na awaki ne. Ruwan wanki mai sabulu ba ya kusantar rumfar. Amma sun ajiye baho a inda ake alwala, abin da ya taru a ciki na tsiro ne. Duka renon bai fi cin bokiti 1 a rana ba, kuma a nan hikimar take: tsiro 200 da za su cika fili mai faɗi a gona suna zaune a kan gado ɗaya, inda ruwa kaɗan ya ishe su, ido kuma yana kansu.

Na tambayi yaron me ya sa ba su sa ledojin a cikin ɗaki ba, tunda ya fi sanyi kuma kaji ba sa shiga. Ya ce sun taɓa yi a zaure. Tsiron ya fito da wuri, amma ya yi tsawo siriri, fari-fari, duk ya karkata wajen ƙofa, da aka fito da shi rana ɗaya ta kwantar da shi. Tun daga nan suka gane cewa inuwa dabam, duhu dabam. Shi ya sa rumfar ke kallon gabas: ranar safe ta shiga har hantsi, ta tsakar rana kuma kara ya tare.

Babbar ta nuna mini wani jeri da babu komai sai ƙasa. Nan tattasai ne, ta ce, ya fito lafiya, sai wata safiya suka tarar da shi a kwance, wuyan kowane ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa. Autar ce ke tausaya musu, tana ƙara musu ruwa da daddare ba a sani ba. Wannan ciwo kowane mai reno ya san shi. Wata ruɓa ce da ke zaune a ƙasa, tana tashi in laima ta yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. Maganinta a shayar da safe, a bar saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara, a rage cunkoso, wanda ya kamu a cire shi da ƙasarsa a zubar nesa. Masu lambu da ke yin bedi a fadama sukan tara kara a kan wurin su cinna wuta kafin su zuba iri, saboda wannan ciwon da kuma ƙwayar ciyawa. Ba a doki yarinyar ba. An ba ta leda 5 nata na kanta, aka ce ta riƙa tsoma yatsa kafin ta zuba ruwa, in ta ji danshi ta haƙura. Duka 5 suna nan da rai, ta kuma nuna mini su ɗaya bayan ɗaya.

Gidan sauron da aka rufa yana tare kaji da ƙadangare, waɗanda ke iya share reno guda kafin a idar da sallah. Yana kuma rage farin ƙuda, ɗan ƙaramin ƙwaron da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye, wadda in ta kama tumatur tun yana ƙarami ba zai yi abin kirki ba. Abu ɗaya na roƙa, kuma ƙanwata ta riga ni: wanda ya yage aka daina kwana a ciki shi ne na tsiro. Sabo na yara ne, don damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, kuma babu barkonon da ya kai lafiyar yaro.

Attaruhun da gautar ba daga kanti suka zo ba. Kakar yaran, mahaifiyar maigidan, ita ce ma'ajiyar iri. Na je gaishe ta a ɗakinta, na durƙusa na ce, "Inna, an ce ke ce mai asusun gidan nan." Ta sa aka sauko da wata ƙwarya daga rataye. A ciki akwai ƙulle-ƙullen tsumma, kowane da toka a ciki: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, kabewa, gauta, barkono. Ba ta karatun boko, amma da ta taɓa ƙulli ta san abin da ke ciki da shekarar da aka ɗebe shi. Ƙa'idarta ita ce a ɗebi iri daga uwar da ta fi lafiya, daga 'ya'yan farko da suka nuna sosai a jikinta, a shanya a inuwa. Ita ce kuma ta koya wa jikokin abin da ake reno da abin da ba a yi. Kuɓewa da kabewa ba sa son a taɓa musu saiwa, kai tsaye ake shuka su in ruwa ya sauka. Rama da yakuwa da alayyafo ba su da wannan dogon lissafi, damina ta ishe su. Na yi wa babbar jikar bayanin cewa irin da na kawo an yi masa aure ne, shi ya sa aka rubuta F1 a jikinsa, kuma in ta ɗebi iri daga 'ya'yansa, na baɗi ba za su fito iri ɗaya da uwar ba. Tsohuwar ta saurara, ta ce to a ci wannan, a ajiye nata. Ina ganin shawararta daidai ce, gida ya riƙe duka biyun.

Akwai dalilin da ya sa wannan ƙaramin aiki ya fi ƙarfin wasan yara. Tumatur da tattasai da attaruhun da arewa ke aikawa kudu yawancinsu na noman rani ne, daga wurare irin su Kadawa da ke shan ruwan Tiga, da bakin kogin Gari da madatsar Kazaure a nan kusa. Wannan ma gajeren lokaci ne, don tumatur sanyin hunturu yake so, in zafin Maris da Afrilu ya shigo sai fure ya riƙa zubewa. Daga Mayu zuwa Yuli kayan miya kan yi tsada a ko'ina. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatur a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur, masana'antar Dangote ta Kadawa kuma ta tsaya don babu abin sarrafawa. Gidan da ke da barkono 50 a bayan ɗaki, wanda zai ci ɗanye da kaka ya shanya saura, ya rage wa kansa wani kaso na wannan fargaba.

Ina kallon yaran nan sai makarantunmu na firamare suka faɗo mini a rai. Ana koyar da aikin gona a aji, a zana tsiro a allo a rubuta sunayen sassansa da Turanci, yara su haddace. Ga shi kuwa zangon karatu na uku, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, ya faɗo daidai lokacin reno. Leda tana zube a kowane lungu, taki yana kowane gida, rumfa aikin yini ɗaya ce. Kowane yaro zai iya renon tsiro 10 a makaranta ya tafi da su gida kafin dogon hutu. A cikin mako 6 zai yi ƙidaya da awo, zai rubuta kwanan wata, zai ga abin da haske da ruwa ke yi da idonsa. Yarinyar nan tana da tsohon littafin rubutu inda ta sa ranar da ta shuka kowane iri, da ranar da ya tsiro, da nawa suka mutu, ba tare da wani malami ya sa ta ba. Sharaɗi ɗaya ne: aikin ya tsaya daidai ƙarfin yaro, minti kaɗan safe da yamma, kada ya ci karatu, kuma feshin magani ya zama na manya kaɗai.

Kwanakin da na yi a can duk maganar ruwa ake. An yi na farko tun kafin in zo, shi ne aka shuka gero da shi, sannan sama ta ɗauke. Yaran sun matsa a yi dashe, ubansu ya hana. Ruwan farko ba abin amincewa ba ne, sau da yawa fari na biye da shi, kuma gero na iya jurewa amma dashe ba zai iya ba. Abin da ya sa su yi shi ne horar da tsiron: aka zare rabin karan rumfar don rana ta ƙara shiga, aka rage ban ruwa, don kada ya fita gona da jikin hutu. Shi ma jiran yana da iyaka, domin tsiron da ya daɗe a leda saiwarsa kan nannaɗe, ya fara fure tun yana ƙarami, ya tsumbure.

Ranar da hadarin ya haɗo, daga gabas ya taso, ta wajen Babura, da jar ƙura a gabansa. Yaran ba su gudu ɗaki ba sai da suka ja gadon zuwa jikin bango suka rufa masa buhu, saboda iska. An yi ruwa mai yawa cikin dare. Da safe maigidan ya je bayan gida ya haƙa da hannu, laima ta wuce tsawon tafinsa, ya ce in an yi la'asar a fito.

Filin yana bayan katanga, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Aka shayar da ledojin sosai tun da rana. Uban na gaba da fartanya yana sara rami a kan kunya, taku ɗaya gajere tsakanin rami da rami. Yaron na zuba taki cikin tafi ɗaya yana gauraya shi da ƙasa. Babbar na tsaga leda da reza daga gefe, ta zaro tsiron da dunƙulen ƙasarsa, fararen saiwoyi sun zagaye shi, ta zaunar da shi daidai zurfin da yake a da, ta danna gefe da yatsu. Autar na biye da gwangwaninta. Ni aka ba ni tattara ledojin da aka tsaga, don kada iska ta kai su inda dabba za ta haɗiya. An bar kusan kashi ɗaya cikin 10 a rumfa saboda cike gurbi, maƙwabciya kuma ta aiko a sayar mata da 20, kuɗin aka ce na littafi da fensir ne.

Da hantsin washegari, ina shirin fita bakin titi, wasu daga cikin dashen sun sunkuya. Yaran suka karyo rassan dalbejiya suna kafa wa kowane a gefe don ya samu inuwa. Uku gyare ya yanke su daga wuya cikin dare. Yaron ya tono gindin ɗaya ya kamo ɓarawon, sannan ya ƙirga guraben ya ce za a cike su da yamma, ba yanzu ba. Tumatur ɗin da na kawo kuwa ya fara fasa ƙasa a cikin ledoji, sai tsakiyar Yuli zai fita gona. Suka rako ni da jakata har inda motocin Daura ke tsayawa ɗaukar fasinjan Kazaure, suka juya da gudu don an kusa buga ƙararrawar makaranta.